Ruɗewar Hankali ga Yaro Mai Tsananin Ciwo: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Kula da Mai Ita

Darasi ga iyaye mata da rele na gundumomin Madawa, Buza da Kaita, jahar Tawa

Iyayenmu mata, da ku rele masu zagaya gidaje, kun riga kun iya auna damtsen yaro da tsinken awo, kun san ma'anar ja da ɗorawa da kore, kun kuma iya danna bayan ƙafa don gane kumburin tamowa. Darasin yau ya shafi wata alama wadda tsinken awo ba ya nunawa, wato sauyin da ke faɗa wa hankalin yaro farat ɗaya sa'ad da ciwo ya yi masa tsanani. Yaron da ya san mahaifiyarsa da safe, da la'asar sai ya dube ta kamar baƙuwa. Wani ya yi ta fizge-fizge da sambatu, wani kuma ya yi lamo, ko ƙuda ba ya korewa. Duka biyun alamar haɗari ce, kuma wanda ya yi shirun shi aka fi makara a kansa.

1. Mece ce ruɗewar hankali?

Likitoci suna kiran wannan hali diliriyom. Mu a nan za mu kira shi ruɗewar hankali, ko magagin ciwo. Yana faruwa ne idan ƙwaƙwalwa ta rasa abin da take bukata don ta yi aiki, kamar sukari, iska, ruwa da isasshen jini, ko kuwa ƙwayoyin cuta da dafinsu suka kai mata. Tushen matsalar a jiki yake, ƙwaƙwalwa tana bayyana shi ne kawai. Saboda haka ba tabin hankali ba ne, kuma idan aka magance sanadin a kan lokaci, yawancin yara hankalinsu yana komawa daidai.

Abubuwa huɗu ne ke bambanta ta da sauran halaye:

- Tana zuwa ne da sauri, cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu.
- Tana zuwa tana tafiya. Yaro zai farfaɗo da hantsi har a ce ya samu sauƙi, da magariba kuma ya sake rikicewa. Ta fi tsananta da dare.
- Hankalin yaro ba ya tsayawa a kan abu. Ba ya bin fuskar uwa da ido, ba ya bin cokali ko nono.
- Farkawarsa ta sauya: ko barci ya yi masa yawa har tashinsa ya yi wuya, ko kuma ya kasa runtsawa.

Akwai wani bambanci da ya kamata kowane rele ya riƙe. Yaron da tamowa ta daɗe tana ci yakan zama marar kuzari, mai ƙunci, ba ya son wasa, musamman mai kumburi. Wannan hali a hankali yake shigowa, cikin makonni, kuma yaron yana gane mahaifiyarsa, yana neman ta. Ruɗewar hankali kuwa sabon abu ce da ta hau kan wancan. Tambayar da ke raba su ita ce: yadda yake yau, haka yake jiya da shekaranjiya? Idan uwa ta ce a'a, maganarta ta isa hujja. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

2. Fuskokinta guda uku

*Mai fizge-fizge.* Yaro yana ta mutsu-mutsu, yana kukan da goyo da nono ba sa tsayarwa, yana ture mahaifiyarsa. Idan ya fara magana zai yi sambatu, ya nuna abin da babu shi, ya firgita. A asibiti yakan fizge robar hanci ko ta ƙarin ruwa. Wannan kowa yana lura da shi, amma sau da yawa akan ɗora abin a kan iskoki ko kambun baka, sai a ɓata awoyi ana neman magani ta wata hanya.

*Mai lamo.* Yaro yana kwance shiru, idanu a buɗe amma ba sa kallon komai, ko a lumshe. Ba ya kuka, ba ya neman nono, idan an kira shi sai an jima kafin ya motsa. Binciken da aka yi a ɗakunan kula da yara masu tsananin ciwo ya nuna wannan fuska ta fi ta mai fizge-fizge yawa nesa ba kusa ba, ita ce kuma aka fi kuskurewa. A gida akan ce zazzaɓi ya sauka, ya samu barci, a bar shi ya huta. Yaron da jiya yake kuka yau ya daina, alhali bai koma shan nono da wasa ba, ƙarfin kukan ne ya ƙare masa.

*Mai haɗa biyun.* Yanzu yana fizge-fizge, an jima ya yi lamo, haka yake ta juyawa.

Wannan matsala ba ta ƙasarmu kaɗai ba ce. A shekarar 2017 an wallafa wani bincike da aka yi a ɗakunan kulawa ta musamman guda 25 na ƙasashe daban-daban, aka duba yara kusan dubu. Cikin waɗanda aka iya aunawa, ɗaya cikin huɗu yana da ruɗewar hankali. Waɗannan asibitoci ne masu na'urori iri-iri, amma abin da suka gano ta da shi ido ne da tambaya, kayan aikin da kowace uwa ke da su.

3. Abubuwan da ke kawo ta a yankinmu

*Faɗuwar sukarin jini.* Ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, ba ta kuma da rumbun ajiya. Yaro mai tamowa mai tsanani ya riga ya cinye ajiyar hantarsa da ta tsokarsa, don haka awa huɗu zuwa shida ba tare da abinci ba na iya kayar da sukarinsa. A asibiti ana ɗaukar ƙasa da gram 0,54 a lita ɗaya na jini a matsayin faɗuwa ga irin wannan yaro. Doguwar tafiya daga ƙauye a kan amalanke ko babur, ba a tsaya an ba shi nono ba, ita kanta tana iya jawo haka.

*Sanyin jiki.* Yaron da ya rame ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi. Idan awon hammata ya nuna ƙasa da digiri 35, yana cikin haɗari. Ku kula, mai tamowa yana iya ɗauke da mugun ciwo jikinsa bai yi zafi ba, sai ma ya yi sanyi. Rashin zazzaɓi a wurinsa ba shaidar lafiya ba ce. Sanyin jiki da faɗuwar sukari da ciwon ƙwayoyin cuta galibi tare suke tafiya.

*Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.* Daga Yuli zuwa Oktoba ruwa yana kwanciya a fadamun Majiya da Tarka, sauro ya yawaita, kuma a daidai lokacin ne rumbuna suka yi ƙasa kafin sabon hatsi. Shi ya sa ɗakunan yara na asibitocinmu ke cika a waɗannan watanni. Ƙwayar cutar tana sa jajayen ƙwayoyin jini su manne a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, tana kuma cinye jini da sukari. Idan ta kai yaro ga doguwar suma kuma ba a yi magani ba, da wuya ya tashi. Ko da magani, kusan ɗaya cikin biyar ko shida ba sa rayuwa. Ruɗewar hankali takan riga suman zuwa, wannan tazarar ce damarmu.

*Sanƙarau.* Ƙasarmu tana cikin zirin ƙasashen da sanƙarau ke addaba, daga Senegal har Habasha, kuma ya fi yawa a lokacin iska da ƙura da zafin bazara. Annobar 2015 ta kama mutane fiye da 8.000 a Nijar. Ga babban yaro akwai zazzaɓi, ciwon kai da sandarewar wuya. Ga jariri wuya ba lallai ya sandare ba, amma maɗiga takan kumbura, ya riƙa wani irin kuka mai tsini.

*Ƙarancin ruwa da gishirin jiki* sakamakon zawo da amai.

*Ƙarancin iska* sakamakon ciwon huhu, ko *ƙarancin jini* mai tsanani, wanda ake gani a farin tafin hannu da cikin fatar ido.

*Magunguna.* Jiƙo da sassaƙe da ba a san ƙarfinsu ba, da ƙwayoyi ko ruwan maganin tari da ake saye hannun masu talla a kasuwa, suna iya gigita yaro ko su kayar da sukarinsa. Hantar mai tamowa ba ta iya sarrafa abin da ta lafiyayye ke sarrafawa.

Sau da yawa sanadi biyu ko uku ne suke haɗuwa a jikin yaro ɗaya. Wannan ne ya sa ba a iya warware lamarin a gida, sai inda ake awon jini.

4. Yadda za ku duba: matakai huɗu da tambayoyi biyar

Da farko ku gano matakin farkawar yaro. Wannan awo ba ya ɗaukar minti ɗaya.

1. *A farke yake:* idonsa biyu, yana kallon mutane, yana bin motsi.
2. *Sai da murya:* ba ya kulawa sai uwa ta kira sunansa ko ta yi masa magana da ƙarfi, da ta yi shiru ya koma.
3. *Sai da zafi:* murya ba ta tashe shi, sai an matsa gindin farcensa sannan ya janye hannu ko ya yi kuka.
4. *Ba ya amsawa:* ko an matsa farcen, ba motsi.

Mataki na biyu ya isa a tafi likita nan take. Na uku da na huɗu suma ce, ana gaggawa da duk abin hawan da aka samu, dare ko rana.

Idan yaro a farke yake amma ana shakka, rele ya zauna kusa da uwa ya yi mata waɗannan tambayoyi, yana kuma lura da idonsa:

- Yana haɗa ido da ke kamar yadda ya saba? Ki matsar da fuskarki daga dama zuwa hagu, mu ga ko zai bi ki.
- Yana miƙa hannu ga abin da yake so, nono ko kofi ko abin wasa, ko kuwa hannun yawo kawai yake yi?
- Idan ya yi kuka, goyo ko nono suna lallashinsa?
- Daren jiya ya yi barci? Yau da rana fa?
- Yaushe kika fara ganin ya sauya, kuma me aka ba shi tun daga lokacin?

Tun da halin yana zuwa yana tafiya, dubawa sau ɗaya ba ta wadatar ba. Idan kun tarar da yaro garau amma uwa ta ce da asuba bai gane ta ba, ku ɗauki maganarta ku tura su. Ku haɗa wannan da sauran manyan alamun haɗari da kuka sani: kasa sha ko kama nono, amayar da duk abin da aka ba shi, da jijjiga.

5. Abin yi kafin a isa likita

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kada a jira gari ya waye, kada a jira ranar kasuwa ko ranar awo. Idan maigida ya tafi ci-rani, rele ya taimaka a sanar da wanda ke riƙe da gidan, ko maigari, don kada neman izini da neman abin hawa su cinye daren. Yana da kyau kowane gari ya san tun kafin damina wane mai babur ko mai amalanke za a tasa idan ta ɓaci, da wace hanya za a bi idan ƙorama ta kawo.

*Idan yaro yana iya haɗiya:* a ba shi nono nan take. Idan ba ya shan nono, a zuba sukari cokalin shayi 4 a shafe cikin kofi ɗaya na ruwa mai tsabta, kimanin mililita 200, a ba shi kashi ɗaya cikin huɗu na kofin, kaɗan-kaɗan, yana zaune a cinya. A ci gaba da ba shi nono ko ruwan sukarin a hanya.

*Idan ba ya iya haɗiya:* kada a ɗura masa komai, ko ruwa, ko kunu, ko jiƙo, ko rubutu. Abin da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu yake tafiya, ya shaƙe shi ko ya haifar masa da ciwon huhu. A jiƙa ɗan sukari da ɗigon ruwa, a shafa masa a ƙarƙashin harshe da yatsa mai tsabta, a maimaita bayan kamar minti 20. An gwada wannan dabara a kan yara a Burkina Faso da Mali, aka ga tana ɗaga sukarin jini kafin a samu allura.

*Ɗumi:* idan jikinsa ya yi sanyi, uwa ta manna shi a ƙirjinta fata da fata, ta rufe su biyun da zane, ta sa masa hula. Idan kuma jikin ya yi zafi ƙwarai, a rage masa tufafi, a shafa masa ruwa mai ɗumi-ɗumi. Kada a yi masa wanka da ruwan sanyi.

*Idan yana jijjiga:* a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa rauni. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a kara shi a hayaƙi ko wuta. A lura da tsawon lokacin da ya ɗauka, domin za a tambaya.

Inda aka horar da rele ko ma'aikacin ƙaramin gidan likita aka ba shi maganin artesunat na matsawa a dubura, yana iya sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 6 da ake zaton zazzaɓin sauro mai tsanani ne. Wannan magani hanya kawai yake riƙewa, bai warkar ba, dole a ƙarasa asibiti.

Addu'a ba ta hana tafiya, ana yin ta a bisa hanya. Abin da muke roƙo a bari shi ne tsaga, sakiya, cire beli da turare a kan yaron da numfashinsa ke wahala, domin suna ƙara masa rauni kuma suna cin lokaci. A tafi da katin awo da na rigakafi, da ragowar duk wani magani da aka ba shi. Ma'aikaci yana tambayar maganin gargajiya ne don ya san abin da ke cikin jikin yaron. A gaya masa gaskiya.

6. Abin da za a yi masa a asibiti

Daga CSI, yaro mai tamowa da hankalinsa ya sauya ba na bin awon mako-mako ba ne. Za a ba shi taimakon farko a tura shi CRENI, sashen kwantar da masu tamowa mai tsanani da ke asibitin gunduma. Tun 2006 dokar ƙasa ta tanadi kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. A asibitin Madawa, ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, ta shafe shekaru tana aiki tare da ma'aikatar lafiya a sashen yara.

Da isarku, ki faɗa wa mai karɓa tun daga ƙofa cewa yaron ba ya gane mutane, ko ba ya tashi. Irin wannan yaro ba ya bin layi. Za a huda yatsarsa a auna sukari da zazzaɓin sauro da yawan jini, a auna zafin jiki, a maƙala masa wata ƴar na'ura a yatsa don auna iska. Idan ta nuna ƙasa da 90 cikin ɗari za a sa masa iska ta hanci. Idan sukari ya faɗi za a ba shi ta jijiya ko ta robar hanci. Idan zazzaɓin sauro ne za a yi masa allurar artesunat, wadda wani babban bincike na 2010 a kan yara fiye da 5.000 a ƙasashen Afirka 9 ya nuna ta fi kinin ceton rai. Idan ana zaton sanƙarau, akan ɗebi ɗan ruwa ta gadon baya don a tabbatar. Wannan awo ba ya shanye ƙafafu, jiki kuma yana mayar da ruwan da aka ɗiba.

Ma'aikatan jinya suna da ma'aunansu na hankalin yaro. Akwai na Balantaya, da aka tsara a Malawi a 1989 domin yara masu zazzaɓin sauro: ana duba ko ido na bin fuskar uwa, da irin kukan yaro, da yadda yake janye jiki daga zafi, a ba da maki daga 0 zuwa 5. Maki 2 ko ƙasa da haka doguwar suma ce. Akwai kuma na jami'ar Cornell ta Amurka, na 2014, mai tambayoyi 8 game da haɗa ido, sanin inda ake, bayyana bukata, rashin natsuwa da rashin motsi. Kusan duk amsoshin suna wurin wadda ta kwana da yaron. Ma'aikaciyar jinya ɗaya tana iya riƙe gadaje da yawa a lokacin damina, ke kuwa gado ɗaya kike kallo. Kada ki ji nauyin kiran ta, ko da tsakar dare ne.

7. Aikin uwa a gefen gado

Magani yana kawar da sanadi, amma yadda ake zama da yaro yana rage tsawon ruɗewar da tsananinta.

- *Ki kasance inda zai gan ki.* Ki riƙa kiran sunansa, ki yi masa magana a hankali, ki rera masa abin da kika saba, ki riƙe hannunsa. Ko ba ya amsawa, muryar da ya sani tana kwantar masa da hankali. Zanen goyonsa ya kasance kusa da shi. Kada a yi ta sauya masu jinya.
- *Ki kiyaye lokutan madara.* A kwanakin farko ana ba da madarar F-75 kowace awa 2 ko 3, dare da rana. Ta dare ita ce ke tsare sukari daga faɗuwa, saboda haka ko yana barci a tashe shi. Idan bai tasu ba, ko ya bar madarar, ko ya amayar, ki faɗa nan take. Kada a ƙara masa fura ko wani abinci daga waje a wannan mataki, domin jikinsa bai shirya ba. Nono kuwa a ci gaba da ba shi.
- *Ki raba masa dare da rana.* Da rana ya ga haske, a zaunar da shi idan an yarda. Da dare a rage surutu, a kashe rediyo da ƙarar salula, kada a haska masa tocila a ido ba dalili. Rikicewar barci tana ƙara rikicewar hankali.
- *Ki riƙe masa ɗumi.* A sauya jiƙaƙƙen zane da wuri, a sa hula, a kwana tare a cikin gidan sauro.
- *Kada a ɗaure shi, kada a daka masa tsawa.* Mai fizge-fizge ba rashin ji yake yi ba, tsoro ne ya kama shi. Ki rungume shi, ki kare robar hanci da tafin hannunki. Idan ta fita kada ki mayar da kanki.
- *Kada ki nemi a yi masa allurar barci.* An gano cewa wasu magungunan sa barci suna ƙara ruɗewar hankali, suna kuma ɓoye alamun da ake bibiya. Likita yana ba da irinsu ne idan akwai dalili, kamar tsayar da jijjiga.
- *Ki kula da kanki.* Ki ci, ki sha, ki runtsa idan wata ta karɓe ki. Ku da ke gadaje maƙwabta ku riƙa duba wa juna.

Alamun dawowa su ne ya bi ki da ido, ya nemi nono, ya yi kuka irin nasa na da, daga baya ya yi murmushi. Daga nan wasa ya zama magani: minti 15 zuwa 30 kowace rana, da gwangwani mai tsakuwa a ciki ko ƴar tsana ta tsumma.

8. Manya ma tana kama su

Rele ya lura da mai ciki ko mai jego da ta fara magana ba kan gado. Idan akwai ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko kumburin fuska, hawan jinin ciki ne mai iya kai wa ga jijjiga. Idan akwai zazzaɓi ko zubar jini bayan haihuwa, shi ma na gaggawa ne. Haka tsohon da ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a ce tsufa ne, domin ruɗin tsufa a hankali yake zuwa cikin shekaru. A kai su likita a ranar.

9. Bayan sallama, da rigakafi

Yawancin yara suna warkewa sarai. Amma wanda ya yi doguwar suma ko sanƙarau, a sa masa ido watanni: yana jin kira? yana gani? ya koma zama, tafiya da maganar da ya iya? jijjiga tana dawowa? Rele ya ziyarci gidan a makon farko, ya tabbatar ana zuwa awon mako-mako, kuma abincin magani na gyaɗa yaron kaɗai ke ci.

Hanyoyin rigakafin kuwa sanannu ne. A kwana cikin gidan sauro kowane dare. A karɓi maganin rigakafin zazzaɓin damina, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya a wata. Madawa da Buza suna cikin gundumomin da aka fara shi a Nijar a 2013, kuma amfaninsa yana ga cika kwana ukun kowane zagaye. A kammala alluran rigakafi. A ba jariri nono zalla har wata 6. A auna damtse a gida kowane mako, a je likita tun yana ɗorawa.

Gwaji ga taron rele

Ku tattauna wannan misali a taronku na gaba. A watan Satumba, yarinya ƴar wata 18 mai jan awo ta yi kwana biyu tana zazzaɓi da kuka. Yau jikinta ya yi sanyi, ta daina kukan, tana kwance ido a buɗe. Kakarta ta ce sauƙi ne ya samu. Mahaifiyarta ta ce tun hantsi ba ta kama nono ba, kuma ba ta dube ta ba. Mahaifin yana ci-rani, magariba ta yi, CSI yana da nisan awa biyu a amalanke.

1. Wace fuska ce ta ruɗewar hankali, kuma me ya nuna haka?
2. Ta yaya za ku gano matakin farkawarta?
3. Waɗanne abubuwa uku ne za su iya zama sanadi?
4. Me za a ba ta idan tana haɗiya, me za a yi idan ba ta haɗiya?
5. Da waɗanne kalmomi za ku yi wa kakar bayani cikin ladabi, har ta yarda a kama hanya a daren?

Ku zo da amsoshinku wurin majo na CSI ɗinku a taron wata, a duba su tare.